Sunan Wa Ke Cikin Takarda? Nazarin Wani Rabon Kuɗi a Karkarar Maradi

Ƙauyen yana kudu da birnin Maradi, ɓangaren Madarumfa, kuma can ne garin su mahaifiyata. Gero da wake da gyaɗa ake nomawa, samari kuwa da an ɗaure dami na ƙarshe sai su tsallaka Jibiya, Katsina ko Kano cin rani. A shekarar da nake magana damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai. Kafin ruwan shuka na gaba ya sauka gidaje da yawa sun share gindin rumbu, mata sun koma tsinkar tafasa suna kwaɗawa da ɗan garin rogo.

Sai wata ƙungiyar agaji ta zo da shirin raba kuɗi na wata huɗu, Yuni zuwa Satumba, wato tsakanin ƙarewar tsohon hatsi da isowar sabo. Sefa 32,500 kowane wata ga gida ɗaya, jika talatin da biyu da rabi. Suna neman wanda ya yi lakwal kuma ya san mutanen wurin, ya riƙe musu biro da takarda. Ni aka ɗauka. Na yi murna ƙwarai, don a zatona alheri zan kai wa dangin uwata.

Raba kuɗi a maimakon buhun hatsi ba baƙon abu ba ne a Nijar. Ya yaɗu ne bayan yunwar 2005, wadda jihar Maradi ba za ta manta da yawan yaranta masu tamowa a cikinta ba. A 2008 ƙungiyar agaji ta Save the Children ta gwada a Tasawa, ta ba gidaje 1,500 jika sittin-sittin a kashi uku. A 2010 wata ƙungiyar, Concern, ta aika kuɗi ta wayar salula zuwa ƙauyukan Tawa. Daga 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirin da ya riƙa ba gida jika goma a wata har wata 24. Irin waɗannan kuɗi sun hana mutane da yawa sayar da akuyar ƙarshe ko jinginar da gona. Sai dai duk sun taru a kan sharaɗi guda: sai an tace, a fitar da wanda ya fi kowa talauci, shi za a ba.

Ga yadda aka yi tatar a wurinmu. An tara gari a ƙofar gidan mai gari, ma'aikacin ƙungiyar ya ce a kasa gidaje kashi huɗu: masu hali, masu dama-dama, talakawa, da talaka talak. Aka naɗa kwamiti, aka tsayar da ma'auni. Dami nawa gida ya samu, akwai sa ko amalanke, bisashe nawa ke turke, ɗakin na kwano ne ko na kara. Har nan babu gardama. Gardamar ta taso ne da aka ce kuɗin da ke akwai na gida ɗaya ne cikin uku. Masu hali a ƙauyen nan ba su cika yatsun hannu biyu ba, sauran kuwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Tsakanin gidan ƙarshe da ya shiga takarda da gidan farko da aka bari, tunkiya ɗaya ce ta raba su, ita ma ramammiya.

Mutane sun gane lissafin nan da nan. Daren da za a zaga gidaje, awaki suka yi ƙaura zuwa ƙauyen maƙwabta. Wa da ƙane masu noma gandu ɗaya suka wayi gari gida biyu. Wani dattijo kuma ya yi akasin haka. Kowa ya san ana kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, amma ya miƙe cikin taro ya ce kada a kuskura a kira sunansa cikin talaka talak. Daga baya na ji dalili: ana neman auren ɗiyarsa, kuma dangin yaron suna zaune a wurin.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ƙanwar mahaifiyata ce. Mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki biyu, tana zaune a ɗaki guda cikin gidan ɗanta. Ɗan yana da amalanke da sa ɗaya, saboda haka aka jefa gidan cikin masu dama-dama, ba a duba cewa mata biyu da ƴaƴa tara ne ke jiran abin da amalanken nan za ta samo ba. Ita kuwa ba a lissafa ta a matsayin gida ba, tunda ba magidanci ba ce. Da yamma na je gaishe ta, na tarar tana tsinkar zogale a faifai. Ba ta ɗago kai ba.

"Ɗana, an ce kai ka rubuta."

"Ni na rubuta, Inna, amma ba ni na zaɓa ba. Kwamiti ne."

"To biron a hannun wa yake?"

Ban sami abin faɗa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a rabon nan ni ne maratayi. Ita da ba na kwana a garin sai ƙwaryar furarta ta iso mini, daminar nan har ta fita ban gan ta ba.

Ranar biya mota ta zo da hantsi. Sunayen mata aka rubuta, domin ƙungiyar ta ce kuɗi a hannun mace sun fi saurin kai wa ga tukunya, kuma a nan na yarda da ita. Kowace ta nuna kati mai hotonta, ta dangwala yatsa, aka ƙirga mata, ta ƙulle a bakin zane. Waɗanda ba sa ciki suna tsaye gindin dogonyaro suna kallo. Kafin la'asar mota ta juya Maradi.

Bayan isha'i ɗan aiken mai gari ya bi gida gida. Kowane miji ya karɓo daga hannun matarsa ya kawo zaure. Aka zube kuɗin a tabarma, aka haska tocila, aka kira magidantan gari kaf, aka raba daidai wa daida. Kowa ya tashi da jika goma da ƴan kai. Haka aka yi duk wata huɗun.

Na tambayi mai gari, bayan na durƙusa na gaishe shi, ko ba ya tsoron ƙungiyar ta gane ta janye. Ya ce, "Ɗan nan, yunwar ga ba ta tsallake gidan kowa ba. Su baƙi ne, wata huɗu za su yi su tafi. In na bari gari ya rabe, gobe wa zai ɗauki gawar wa?"

Ba ƙauyenmu kaɗai ke haka ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi sawun irin wannan rabo a sassa daban-daban na Nijar, kuma abin da suka wallafa a wajen 2014 ya yi daidai da abin da idona ya gani: zargin son kai a wurin zaɓe, maza na karɓe kuɗin daga hannun mata, wasu garuruwa na tattarawa su sake rabawa a ɓoye.

Na daɗe ina ganin dabarar mai gari ita ce adalci. Ta kashe wutar gaba, wannan ba ja. Amma da na zauna na bi ta gida gida sai na ga inda take yoyo. Akwai wata bazawara mai marayu shida, wadda ko makaho aka ba takarda zai sa sunanta a farko. Da azahar ta riƙe jika talatin da biyu, da dare aka maido mata da goma, daidai da mai shanun noma. Gida mai baki huɗu da mai baki ashirin kaso ɗaya suka samu. Kuɗin da aka rubuta da sunan mata suka kwana a aljihun maza, kuma ba kowane namiji ne ya kai nasa ga ma'aunin hatsi ba. Inna ta sake fita da hannu biyu, don kason gidansu ɗanta ya karɓa. Fulanin rugar da ke bayan tabki, waɗanda matansu ke kawo mana nono kullum safiya, ba su shiga takarda ba, ba su kuma shiga tabarma ba. An ce su ardo ke biye da su. Wato "kowa" na mai gari yana nufin kowane magidanci ɗan asalin gari.

Da masu bin diddigi na ƙungiyar suka zo, kowace mace ta faɗi abin da aka koya mata: na sayi gero, na sayi sabulu, na kai yaro likita. Ni ne mai yi musu tafinta, kuma na yi shiru. Rahoto ya tafi yana cewa kuɗi sun isa ga matalauta kamar yadda aka tsara. Wannan shirun har yau yana cina, domin a kan irin rahotannin nan ake gina shirin gaba.

Bayan an yi shekaru, muna zaune a fadarmu a unguwar Zariya muna shan shayi, wani abokina malamin makaranta ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Babbar mota ce ta juye tsabar kuɗi a dandalin majalisa na birnin Bern, a Suwizalan, a watan Oktoba 2013. Ƙwandala miliyan takwas, ɗaya a madadin kowane mazaunin ƙasar. Masu fafutuka ne suka kawo sa hannun mutum wajen 126,000 suna neman a yi ƙuri'ar raba gardama kan a riƙa ba kowa wani kaso na kuɗi kowane wata, ba tare da an tambaye shi kome ba. Daga ranar na shiga bin labarin wannan tafiya.

Tafiyar tana da cibiya mai suna BIEN, wadda wasu masana da ƴan gwagwarmaya suka kafa a Beljiyam a 1986, cikinsu har da Philippe Van Parijs da Guy Standing. Da farko ta Turai ce, a 2004 ta buɗe ƙofa ga duniya. Abin da suke nema, wanda ni nake kira kason kowa da kowa, yana da sharuɗɗa biyar: ya zama kuɗi tsaba, ya riƙa zuwa a kai a kai, a ba mutum a hannunsa maimakon gida, a ba kowa ba tare da leƙa rumbunsa ba, kuma kada a ɗaura masa wani aiki. Da na karanta na uku da na huɗu, zauren mai gari da faifan Inna ne suka dawo mini.

A akwatin ƙuri'a tafiyar ta sha ƙasa fiye da yadda ta yi nasara. A Suwizalan, ranar 5 ga Yuni 2016, kusan kashi 77 cikin ɗari suka ƙi. A Tarayyar Turai an nemi sa hannun mutum miliyan ɗaya, aka tsaya a wajen 285,000 a farkon 2014. Hujjojin Turawa ma ba duka ne suka shafe mu ba. Tsoron na'ura za ta ƙwace aiki ba shi ke hana manomin Madarumfa barci ba. Abin da ya riƙe ni shi ne gwaje-gwajen da aka yi a wuraren da suka yi kama da namu.

A Namibiya, gamayyar coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula, bisa jagorancin Bishop Zephania Kameeta, ba su jira gwamnati ba. Sun tara gudummawa, suka zaɓi ƙauyen Otjivero, daga Janairu 2008 zuwa ƙarshen 2009 suna ba duk wanda bai kai shekara 60 ba dalar Namibiya 100 a wata, babba da yaro, mutum fiye da 900. Tsofaffi dama suna da fansho na gwamnati. Gamayyar ta ba da rahoton cewa yaran da nauyinsu ya gaza sun ragu daga kashi 42 zuwa 10 cikin shekara guda. Masu suka sun ce ƴan gamayyar ne suka auna kansu, kuma babu wani ƙauye da aka kwatanta da shi, wannan sukar kuwa mai nauyi ce. Kameeta ya zama ministan yaƙi da talauci a 2015, amma kason bai game ƙasa ba. A Indiya ƙungiyar mata masu sana'ar hannu, SEWA, tare da UNICEF suka gwada a ƙauyukan Madhya Pradesh daga 2011: rupi 200 ga baligi, 100 ga yaro, na yaron a hannun uwarsa.

Na Kenya ya fi su girma. Daga ƙarshen 2017 ƙungiyar agaji ta GiveDirectly ta fara aika wa kowane baligi a ƙauyuka 44 kimanin dalar Amurka 22 a wata ta M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta wayar salula, da alkawarin shekara 12. Wasu ƙauyuka shekara biyu aka yi musu, wasu kuma aka ba su dunƙule sau ɗaya. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna mutane ba su bar aiki ba, da yawa sun bar ƙwadago ne suka kama sana'ar kansu. Waɗanda aka yi wa dogon alkawari kuma suka riƙa zuba kuɗin a adashe, domin ƙaramin abu na wata-wata ya dunƙule ya zama jari.

Wannan maganar adashe ce ta sa na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi ya tsiro, a 1991, da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE, kafin ya bazu ƙasashen duniya. Ƙauyen su Inna yana da asusu biyu. Na je ranar zubi, ni da abokina malami, muka nemi izinin Hajiya shugabar asusu, muka zauna daga gefe har aka gama zubi aka kulle akwati. Sannan muka ajiye tambaya ɗaya: da kuɗin waccan shekara an raba su ga kowane baligi a hannunsa, mace da namiji, me za ku ce? Muka yi lissafin a ƙasa da tsinke. Jika uku ne da ƴan kai ga kowa.

Hajiya ba ta ɓata lokaci ba. "Malam, jika uku a hannuna ta fi jika talatin da na riƙe daga azahar zuwa isha'i." Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce in dai an san ranar zuwansu, rabi asusu za ta zuba, da kaka ta sayi gyaɗa tun tana araha.

Bazawarar nan mai marayu shida ba ta yi guɗa ba. Ta ce ita kaɗai ce baligi a gidanta, jika uku ke nan ga baki bakwai. Muka sake lissafi, muka sa yara rabin kaso kamar Indiya. Muka sake, muka sa su cikakken kaso kamar Namibiya. Kowace hanya muka bi, abin da ya faɗo mata bai kai ko kusa da abin da takarda ta rubuta mata ba. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi a kan kason kowa da kowa, kuma daga bakin wadda ta fi kowa cancanta na ji ta. In tukunya ba ta ƙaru ba, rabawa ga kowa daga kwanon mafi talauci ake ɗiba. Abin da kawai zan iya cewa shi ne jika talatin ɗin nan ba su taɓa kwana a ɗakinta ba, kuma takardar da ta ba ta su ita ce ta tsallake dattijo mai aurar da ɗiya, ta tsallake Inna. A ganina kason kowa shimfiɗa ce ta ƙasa, marayu kuwa dole a ɗora musu wani abu a kanta.

Limamin gari ne ya warware mini wannan ƙulli fiye da duk abin da na karanta a intanet. Da farko ya ƙi. Ya ce Allah ya ambaci mutum takwas da ake ba zakka a Suratut Tauba, babu mawadaci a ciki, don me za a ba mai shanu? Ya yi shiru, sannan ya gyara zama ya ce amma baitulmali daban ne. Sayyadina Abubakar in dukiya ta zo yakan raba daidai, ɗa da bawa, mace da namiji. Sayyadina Umar kuma, an ruwaito ya ji kukan jariri da dare a Madina, uwar ta ce tana gaggawar yaye shi ne don ba a yanka kaso sai ga wanda aka yaye. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa. Liman ya ce, "Sadaka ake tacewa. Haƙƙi ba a tace shi. Ku fara tambaya, kuɗin nan na wane ne?"

Tambayar ta kai inda ya kamata. Kuɗin ƙungiyar agaji kyautar baƙi ce, mai kyauta kuma shi ke da sharaɗi. Man Agadem da yuraniyom na Arlit kuwa na ƴan ƙasa ne baki ɗaya, kuma jihar Alaska ta Amurka tun 1982 take raba wa mazaunanta kaso daga ribar asusun man fetur kowace shekara. Sai dai lissafi ba ya jin kunya. Mutanen Nijar sun haura miliyan 25. Ko jika biyar za a ba kowa a wata, shekara guda ta ci sefa miliyar 1,500, alhali kasafin ƙasa gaba ɗaya a ƴan shekarun nan yana wajen miliyar 3,000. Duk wanda ya zo ƙauye ya yi alkawarin kason kowa bana ko baɗi, yaudara ce. Abin da ke hannu shi ne kuɗin da dama ake rabawa, a gyara yadda ake raba su.

A kan haka muka rubuta wasiƙa. Ba mu da babbar mota cike da ƙwandala, muna da tawada da yatsu. Matan asusu biyun, da na wasu ƙauyuka biyu na kusa, suka dangwala a ƙarƙashin buƙata huɗu: in rabo ya sake zuwa a ƙirga kawuna a bar gidaje, a sa kowa har ƴan ruga, a ba kowa a hannunsa, a faɗi ranakun biya tun farko. Ni da Hajiya muka kai ofishin ƙungiyar a Maradi. Jami'in ya karɓe mu hannu biyu, ya karanta har ƙarshe. Ya ce ya san abin da ake yi a zauruka da dare, duk wanda ya daɗe a aikin ya sani. Amma masu ba su kuɗi da adadin gidaje mafi talauci suke lissafi, ba zai iya rubuta musu cewa ya ba mai shanun noma ba. Ya yi alkawarin tura wasiƙar sama.

Da rabo ya sake zuwa, da takardarsa ya zo, da kwamitinsa da kashi huɗunsa. Wannan karon ban riƙe biro ba. Abu ɗaya ne ya sauya, shi ma a cikin gari. Hajiya da wasu tsofaffin mata suka je gaban mai gari suka ce tunda da sunan mata ake biya, a bar musu sake rabon a wurin asusu. An ɗauki kwanaki ana ja, liman ya sa baki, mai gari ya amince. Suka ƙirga kowace matar aure da kowace bazawara da kowace tsohuwa, suka ware wa masu riƙon marayu kaso biyu. Inna ta karɓi nata a tafin hannunta, ta sayi gyaɗa tiya biyu ta koma yin ƙuli-ƙuli.

Matan ruga ba a kira su ba. Na tayar da maganar sau biyu, wasu daga cikin matan da suka dangwala wa wasiƙarmu su ne suka fara cewa kaso zai yi ƙanƙanta. Maganar tana gaban mai gari, ya ce a bari sai bayan girbi.